Mushe Almu da Sarakunan Epir

Shekara ashirin da biyu Mushe Almu ya yi yana zaune a wani ɗan akurkin gilashi a ƙofar garejin ajiye motoci a Silver Spring. Aikinsa ya ɗaga sanda mota ta shiga, ya ɗaga sanda mota ta fita. Masu motocin suna kiransa Al, shi kuma ya amsa da fara'a. Mu Hausawan unguwar muna ce masa Mushe, don kafin ya zo Amurka malamin tarihi ne a makarantar sakandare a Dogon Dutsi, kuma a Nijar haka ake kiran malamin makaranta.

Ni ma'aikacin sashen Hausa ne na wani gidan rediyo a Washington, kuma ya girme ni da shekara goma sha biyar. A masallacin Juma'a muka saba. In an idar da salla kowa na hirar siyasar gida, shi kuwa sai ya ja ka gefe ya fara ba ka labarin wata 'yar masarauta ta tsohuwar Girka mai suna Epir. Mutanen duwatsu ne, makiyaya, waɗanda Girkawan birni ke yi wa kallon ƙauyawa. Tun yana ɗalibi a Yamai ya ci karo da su a wani littafin Faransanci, suka shige masa rai.

"Mutanenmu ne, Malam Nazir," in ji shi. "Sarkinsu shi ka rantse ma talakawa, su ma su rantse mishi. Ina ka taɓa jin wanga?"

Muna yi masa dariya ta ƙauna. Wasu har suna ce masa Wazirin Epir, ya yi murmushi ya gyara zaman hula.

Ashe a cikin akurkin nan, tsakanin mota da mota, rubutu yake yi. Ya ɗauki tarihin sarakunan Epir tun daga na farkon da aka sani har zuwa ƙarewar gidan, yana rubutawa da Hausa da hannunsa, a littattafan 'yan makaranta da yake kira kaye. Ranar hutunsa ya hau jirgin ƙasa zuwa laburare, ya dawo da takardu cike da aljihu. Matarsa Ɗija ta ce ko tuwo yake ci, biro na maƙale a kunnensa. 'Yarsu Afnan a nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, rubutun babanta kuwa ba ta iya karanta shi. Abin da Mushe yake nema a duniya bai wuce mutum guda da zai karanta aikin nan ya gaya masa gaskiya ba.

Ni ya zaɓa. Wata Juma'a ya miƙo mini leda da kaye biyar a ciki, da hannu biyu.

"Kai ne ma'abucin Hausa," ya ce. "Duba mini. In babu kyau ka hwaɗi, ba ni jin haushi."

Na karɓa, na ce in sha Allahu. Na sa ledar a but ɗin mota, daga can ta koma saman kabad, ta yi zamanta. Ba ƙiyayya ba ce. Aiki ne, da yara, da kuma wani raini da ban taɓa furtawa ba: me mai gadin gareji zai rubuta a kan Girka wanda zan ɓata Asabar ɗina a kansa? Duk Juma'a ya dube ni, ni kuma in ce, "Ina kai, Mushe, aiki ya yi kyau." Sai ya sunkuyar da kai don jin daɗi. Shekara biyu muna haka.

Ranar da ya ritsa ni, a bakin masallaci ne, ya ce yau dai sai na faɗa masa inda ke buƙatar gyara. Na ce bari in gyara fakin ɗin mota. A cikin motar na ciro waya na yi binciken minti uku. Na ga sunan da ya fi fitowa shi ne Pirrus, sarkin da ya yaƙi Rumawa da giwaye. Na dawo na gyara murya irin ta gidan rediyo.

"Mushe, Pirrus shi ne labarin. Waɗanda suka biyo bayansa ƙananan sarakuna ne, kuma wajen nan ya yi tsawo. A rage shi."

Sai ya ce, "To. Kai ka san kunnen mutane." Washegari ya biyo gida ya karɓi ledarsa. Bayan wata uku ya dawo mini da ita, na mayar saman kabad. Ko leƙawa ban yi ba.

Aka yi shekaru. Garejin ya sa na'ura mai ɗaga sanda, aka sallame shi. Ciwon suga da ya daɗe yana lallaɓawa ya sauka a idanunsa, har ya kai ba ya gane fuska sai murya. Wata rana Ɗija ta kira ni ta ce Mushe na roƙon alfarma. Yana so in riƙa zuwa ran Asabar bayan Azahar ina karanta masa littafinsa, ya ji shi da kunne tunda ido ya ƙi.

Na amsa, kuma sana'ata ce ta cece ni. Mai karanta labarai ba ya shiga situdiyo sai ya tauna sunayen baƙi sun zauna a bakinsa. Sai na riƙa isa da wuri, in tsaya a mota a ƙasan benensu, in bi shafukan ranar ina maimaita Tarifas, Alketas, Neyoftolemus, har su yi laushi. In na hau sama na karanta ba tuntuɓe, sai ya ce wa Ɗija, "Kin ji? Ya san su kamar 'yan gidansu." Ɗija ta ajiye mini dambu da shayi, ni kuma in ci, ban ƙware ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne littafin ya kama ni. Mushe ya iya ba da labari. Ya rubuta yadda aka gudu da Pirrus yana jariri aka tsallaka kogi da shi, da yadda ya yi sarautar haɗin gwiwa da ɗan'uwansa har ya gaji ya sa aka kashe shi a wajen walima. Da muka zo inda wata tsohuwa ta jefo masa fale-falen rufi daga saman soro a garin Argos, babban mayaƙi ya faɗi a lungu, sai da na ajiye kayen na share ido. Zuwa kaye na huɗu na daina tsayawa a mota. Sunayen sun zauna, kuma ina so labarin ya zo mini sabo a gabansa.

Asabar ta ƙarshe, Pirrus ya mutu, saura shafi biyu a kayen. A shafi biyun nan aka ce ɗansa ya yi sarauta, matar ɗan nasa Olimfiyas ta riƙe wa 'ya'yanta biyu ƙasa, dukansu suka mutu, aka bar yarinya guda, Deyidamiya, wadda aka kashe a ɗakin bautar da ta shiga neman mafaka. Daga nan sarauta ta ƙare. Duk a jere, kamar sanarwar rasuwa. Na juya shafi, babu komai. Na zazzage ledar, kaye huɗu ne.

Raina ya ɓaci, kuma da gaske ya ɓaci.

"Haba Mushe! Nan ne fa zuciyar labarin. Uwa da 'ya'yanta, da yarinyar nan ita kaɗai a gidan sarauta. Yaya za ka yi musu shafi biyu? Ina sauran?"

Ɗija tana zuba shayi, ta tsaya da butar a hannu. Mushe ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Kai ka ce a rage."

Wallahi sai a lokacin maganar bakin masallaci ta dawo mini. Na manta da ita tun ranar da na faɗe ta, don ba daga ko'ina ta fito ba.

"Kaye guda ne cur," in ji Ɗija, ba ta dube ni ba. "Shekara ukku ya yi a kanshi. Na ce ya aje, ya ce in ya aje zai maido shi, kuma masani ya riga ya yi magana. Da hannunshi ya yayyage ya kai bola."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina iya cewa na sake tunani ne, kuma na san zai karɓa, don mutum ne mai kara. Amma na gaji da kaina. Na ce masa ban karanta ba. Na ce ko shafi ɗaya ban buɗe ba sai da ya makance, kuma shawarar da na ba shi daga waya na ɗauko ta a cikin mota. Na ce biyar ya ba ni, huɗu ya dawo da su, ban ma lura ba.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya laluba ya ɗauki kofin shayinsa, ya riƙe bai sha ba. Na ce zan riƙa zuwa da rakoda, ya faɗa in rubuta, mu dawo da shi. Ya gwada a take. Ya kawo sunan Olimfiyas, ya kawo na 'ya'yan, ya fara wata jimla a kan ranar da aka kawo mata gawar na biyun, sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ya girgiza kai ya ce takardun da ya tattaro sun tafi tare da kayen, kuma kansa ba na da ba ne.

Can ya ajiye kofin a hankali.

"Malam Nazir, da ka ce mini ba ka karanta ba, da na jira ka," ya ce. "Shekara ashirin da biyu ina zaune cikin akurki. Jira bai taɓa yi mini wuya ba."