Irin Geron da Ɗantsoho Ya Ɓoye

Yayana Ɗantsoho bai taɓa ajiye abu inda mai hankali zai ajiye ba. Tun muna yara, in ya sami goruba sai ya kai ta dutsen bayan garinmu, ya ce in bi alamu in nemo. Ya girma har ya yi furfura, halin bai sake shi ba. Kowace kaka sai ya hau dutsen da gwangwanayen madara, kowanne da 'yar takarda da ajami, wannan ya kai ka ga wancan, na ƙarshe kuma ƙuli-ƙuli ne ko alewa. Mutanen gari suna cewa ya rasa aikin yi. Ni ma na sha faɗa masa haka, a gaban mutane ma.

Amma manomi ne na ƙwarai. Akwai wani irin gero da muka gada daga kakanmu, mai gajeriyar zangarniya, yana nuna da wuri ko da ruwa ya ɗauke. Daga nan har Mashi babu mai shi sai gidanmu, ni kuwa na cinye nawa tun wata shekarar wahala. Abin da Ɗantsoho ke tsoro ke nan. Shekarar da damina ta yi gardama, gonarsa mai ba da dami arba'in ta ba da bakwai, ya san kafin bazara matarsa Rabi za ta kai hannu ga irin, kuma ba zai iya hana ta ba yana kallon jikokinsa. Sai ya sussuke shi, ya cakuɗa da toka, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya hau da shi dutse. Da na ce ya nuna mini wurin, dariya ya yi, ya ce ai ni ne na farkon wanda yake ɓoye wa.

Ana dab da saukar ruwa ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya. Muka kai shi asibitin Daura, muka dawo da shi ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa ya fita da sungumi, mu muna tsaye a kansa. Da ƙyar ya nuna hularsa da hannun hagu. 'Yarsa Murjanatu, wadda ta zo jinya daga gidan mijinta, ta laluba cikin hular ta ciro takarda.

Ni da ita muka hau. Ta san wasan ubanta tun tana ƙarama, ni kuwa gwiwa na ciwo, ina hawa ina yi masa faɗa a zuci. Takardar farko ta kai mu gindin gamjin da ya tsaga dutse, ta biyu kogon da jemagu ke kwana. Ta uku ta ce a tsaya da azahar gindin dogon dutsen nan da ke tsaye shi kaɗai, a bi inuwarsa taki arba'in. Muka jira azahar, muka bi, muka tarar da falalen dutse sumul, ko rami babu.

Kwana shida muna haka. Mun ƙirga da takina, mun ƙirga da nata, mun ɗaga duk dutsen da ke ɗaguwa. Kullum muka sauko sai mu fito da shi tsakar gida mu tambaye shi, shi kuma ya ɗaga yatsa sama, ya yi ta nunawa.

"Haka ne, Yaya," nakan ce. "Sai Allah."

Rabi ta ce amin, mu duka mu ce amin, shi kuwa hawaye na bin kuncinsa. Muna cewa imani ne. Da laima ta fara barin ƙasa na haƙura, na je kasuwar Mai'adua na auno geron da na samu, muka shuka.

Bayan mako uku wani makiyayi ya ce awakinsa sun dage wa wani tsagi can arewa da dogon dutsen. Na hau ni kaɗai. Ruwa ya narkar da lakar, ya cika tulun, irin ya tsiro a cunkushe, ƙasansa ya ruɓe yana wari. Na waiwaya na dubi dogon dutsen, sai na gane. Da kaka Ɗantsoho ya ɓoye shi, lokacin da inuwa ke karkata arewa, mu kuma muka bi inuwar farkon damina. Rana yake nuna mana. Ni da na shekara hamsin ina noma, na san rana tana sauya hanya, amma ban tuna ba, don tun farko na raina wasan.

Na tsinko ɗan abin da awaki suka bari na kai masa. Ya damƙe da hagu, ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa. Sannan ya sake ɗaga yatsan sama, a hankali, idonsa a kaina. Rabi ta buɗe baki za ta ce amin, na ce ta bari.

A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Geron kasuwa ya tsaya da kore, bai yi ido ba.