Me Ka Yi Jiya?

Jikata ce zaune bakin rumbu tana ta nanata kalmomin Ingilishi, wai na faɗin abin da ya wuce. Ta ce wasu suna bin ƙa'ida, wasu kuwa taurin kai gare su, kowace da hanyarta, sai dai a haddace. Wannan rerawar tata ta mai da ni lekwal ɗin Filinge, makarantar bokon Faransawa, zamanin da aka tsinto mu daga ƙauye ba da son iyayenmu ba.

Shekarar nan damina ta yi rowa, ga gardawan Nasara, wato dogaransu, suna bin gidaje suna kwashe hatsi. Ran kasuwa da rana tsaka, gari ya watse, ni da kakata muka haƙa rami bayan garken awaki muka binne ɗan abin da ya rage mana. Ta kama kunnena ta ce, "Abin da idonka yag gani, kab bakinka shi sani."

Washegari sai ga kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, cikin aji, tafinta na biye da shi. Mushe, malaminmu, yana son nuna gwaninta, kuma ni ne zakaransa wajen Faransancin abin da ya wuce. Ya tashe ni, ya ce in faɗa wa baƙo me na yi jiya.

Ka san yaro da son yabo. Kalmomin duk suna bakina, haƙa, ɗauka, binnewa, masu ƙa'ida da masu gardama, babu wadda ban iya ba. Ga jar ƙasa maƙale a farcena. Na dunƙule hannu na ɓoye a baya. Ƙaryar ma ta ƙi zuwa, tsoro ya kore ta.

Na yi tsit. Mushe ya maimaita, ya yi tsawa. Kumandan ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya ya ce da tafinta jakuna aka tara masa. Da suka fita, tsumagiyar tsamiya ta yi aikinta.

Kakata ta shafa mini man shanu a baya. Hatsin nan shi ya kai mu kaka.

Yaran yanzu jan biro kawai suke tsoro, na kuma gode Allah. Ni dai har gobe in aka ce me na yi jiya, sai na fara duban wanda ke tsaye bakin ƙofa.