Warin Bakin Basiru Direba

Duk ɗan Nijeriyar da ya zauna a unguwar Al-Shifa ta birnin Riyadh ya san Basiru direba. Mutumin Gusau ne, mai fara'a, ya daɗe yana tuƙa iyalin wani Balarabe, ba a taɓa jin kansu ba. Ko taba ba ya sha. Sai dai da zarar kafilinsa, maigidan da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ke hannunsa, ya tafi hutun Sallah, sai shi da abokan ɗakinsa, Sha'aban da Kamil, su samo sadiki, giyar nan da ake dafawa a ɓoye a zuba a robar ruwa. Wai shekara guda yana haƙuri, ai dole ya huce. Kuma shi ba sha yake ba, ɗurawa yake yi.

Babbar Sallar bara ya ci nama ya ɗura, ya wayi gari ya sake ɗurawa. Wata safiya da hantsi ya tashi dafe da ƙirji, gumi sharkaf. Zuciyar ta yi gudu, ta tsaya, ta sake zabura kamar kazar da aka yanka.

"Ku kai ni asibiti," in ji shi. "Wallahi ba daidai take bugawa ba."

Sha'aban ya sunkuyo ya shinshina bakinsa, ya ja da baya. "Da wannan warin? Su ɗebi jini, su kira shurɗa, 'yan sanda su zo? Kai a kora ka gida, mu ma a kora mu. Yi haƙuri ya fita tukuna, ya akhi."

Basiru ya lalubi wayarsa zai kira motar asibiti, Kamil ya fizge ta ya sa a aljihu. Suka dafa masa gahawa mai kauri, suka cusa masa asuwaki a baki, suka turara ɗakin. Sannan suka kulle shi ta waje suka tafi gaisuwar Sallah, har da sabbin kaya. Duk dawowar da za su yi, ba wanda ke tambayar ƙirjin, bakin kawai Sha'aban ke shinshinawa. Ni dai ban taɓa jin rashin imani irin wannan ba.

Washegari warin ya fita tas. Bakin kuwa ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta tafi.

A asibiti suka tarar da Dakta Mansura, 'yar Kano mai aiki a can. Ta duba shi, ta dube su.

"Me ya sha?"

"Gahawa kawai, likita," in ji Kamil.

"Kar ku raina mini hankali. Duk hutu muna ganin irinsa. Giya mai yawa a lokaci guda tana rikita bugun zuciya, jini ya dunƙule a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Da jiya kuka kawo shi, da wataƙila da ƙafarsa zai fita."

Kafili ya dawo, ya leƙa sau ɗaya, ya ce Allah ya ba da lafiya. Direban da hannunsa ba ya motsi ba shi da amfani a gidansa, sai ya yi masa takardar fita ta dindindin.

A filin jirgi Sha'aban ne ya tura shi a keken guragu. Ya kira Balki, matar Basiru, ya sa wayar kusa da kunnen Basiru, yana cewa, "Maman yara, a yi haƙuri. A hanyar masallaci abin ya same shi, mu muka yi ta ɗawainiya." Balki tana kuka tana sa musu albarka. Basiru ya yunƙura zai yi magana, yawu ne kawai ya zubo.

Sha'aban da Kamil suna nan Riyadh da iƙamarsu, lafiya lau, sun ma sa wani a gadonsa. Shi kuwa yana Gusau, Balki ce ke ba shi abinci a baki.