Ɗakin Dutsen Yaya Ari

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Ari makwancinsa a Gure. Cikin 'ya'yan Inna ni kaɗai na rage. Na fi tuna shi in ɗari ya shigo, domin ɗari ne sana'arsa, ko da yake ba a garinmu ya koye ta ba.

Yaya ya tafi Aljeriya yana saurayi, ya zauna a wani gari na kan duwatsu inda ƙanƙara ke zuba. Can ya shiga hannun wani mai haɗa radiyata, wato ƙarafan da ruwan zafi ke bi ta cikinsu su ɗumama ɗaki. Gidajen garin na dutse ne, kuma kafin a zaɓa wa ɗaki radiyata sai an ƙiyasta yawan ɗumin da bango ke sha. Wannan aikin ne ya dawo hannun Yaya. Ya kan auna kaurin bango da faɗinsa, ya duba irin dutsen, ya lura da tagogi, ya tambayi masu gida ta ina iska ke bugowa. In ƙarfen ya yi wa ɗaki kaɗan, mutane su kwana suna makyarkyata. In ya yi yawa, a yi ta ƙona mai a banza.

Ya dawo gida gemu ya fara furfura, matarsa ta rasu a can, ba su haihu ba. Bai tarar da mai bukatar abin da ya iya ba, don mu a Gure sanyi muke nema mafi yawan shekara. In ya fara bayanin yadda dutse ke shan ɗumi a majalisa, sai a saurare shi don girmamawa, a koma zancen awaki da lambu. A hankali ya daina.

A lokacin Inna na fama da gaɓoɓi da tari. In sanyi ya tsananta sai ta rufe ƙofa da kaskon garwashi a ciki, hayaƙin ya ƙara mata tarin. Yaya ya ce zai gina mata ɗakin da ƙaramin kasko zai ishe shi. Ya yi ta jigilar dutse da amalanken jaki, ya ɗaga bango mai kauri, bai bar taga ta gabas ba. Ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta watannin nan ba.

Da ɗari ya zo, ɗakin ya zama kamar cikin randa. Inna ta daure 'yan kwanaki, sannan ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakinta na ƙasa. Da yake shi ne ɗan fari, ba ta faɗa masa kai tsaye ba, ni ta aika.

"Ka ce wa wancan na gode, Allah ya yi albarka. Amma ɗakin nasa shi ma bargo yake so."

Kafin mako ya zagayo, unguwa ta raɗa wa ɗakin suna firigon Ari, wato firjin Ari. Bai yi musu da kowa ba. Wata safiya na same shi ya ɗora tafin hannu a bangon, ya ce mini ya gano inda ya kuskure.

"Lissafina na ƙasar da wuta ba ta mutuwa ne. Can bango a ƙoshe yake kullum. Nan kasko na maraice ne kawai, kafin ɗumin ya kai ga Inna dutse ya shanye."

Ya sake aikin daga ciki. Ya bar ɗan fili tsakanin dutsen da sabon bango na ƙasa da ƙaiƙayi, ya ƙara kaurin rufi, ya buɗe ƙaramar kafa can sama don hayaƙi. Ya gama kafin ruwan farko. Inna ta rasu a tsakiyar daminar, ba ta kwana a ciki ba.

Shi ne ya koma ɗakin. Bai taɓa kiran kowa ya zo ya ji yadda ya zama ba. Ni kaina sai da na zauna jinyarsa, a sanyinsa na ƙarshe, na ga ɗan garwashin da bai cika tafi ba ya riƙe mu har hantsi.

Yau unguwarmu ta cika da birgin siminti, wato bulo, da rufin kwano da muke kira tol, da rana su gasa mutum, da asuba su daskarar da shi. Na kan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai dai taɓa bangon ya wuce. 'Ya'yana suna Damagaram da Yamai, kullum suna cewa in rufe gidan in koma wurinsu.

Bara, ɗari ya kama matar maƙwabcina da sabon jariri a ɗakin tol, yaron ya fara tari. Na share ɗakin Yaya na ba su. Har ta gama wankan jego gidan na da kukan jariri da ƙamshin kunun kanwa, kuma tarin ya lafa. Ranar da za su koma ta tsuguna ta yi godiya, ta ce, "Baba, wa ya gina ɗakin nan?"

Na faɗa mata. Sai da sunan ya fita bakina na lura na yi shekaru ban kira shi a fili ba, don babu sauran wanda zan kira wa. Ta maimaita don kada ta manta, ta yi masa addu'a, ta goya ɗanta ta fita. Yaya bai bar ɗa ba, bai bar almajirin sana'a ba. Ya bar ɗaki guda da ke riƙe ɗumi, da mace guda a Gure da ta san sunan wanda ya gina shi. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Inna a inuwa ɗaya.