Takwarar Kaka

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar Laraba Kaka ta yanke jiki ta faɗi a rumfarta ta kasuwar kifi, saura kwana biyu sunan ’yar yayata.

Yayata da mijinta ni suka bar wa zaɓen suna, wai ni ce mai karatu. Na cika shafi uku na littafina, na soke duka, na tsaya a kan sunan Kaka, tsohon sunan Kanuri da aka daina sa wa yara. Tunda bakinmu ba ya iya kiransa, na ce a riƙa ce wa jaririyar Hajiya Ƙarama. Sai na roƙi kowa ya ɓoye wa Kaka, don ta ji daga bakin liman.

Ranar Alhamis aka binne ta. Ranar Juma’a aka raɗa sunan a gidanmu na unguwar Mafoni, babu mai guɗa.

Na yi watanni ina tambaya ko wani ya tsegunta mata, kowa sai ya kau da kai. A ƙarshe mahaifiyata ta amsa mini.

“Ba ta sani ba, ’yata. Da safen ranar da ta faɗi ma cewa ta yi, wa zai so sunan tsohuwa mai sayar da banda?”