Zoben da Na Sa a Mazari

Har gobe ban manta da ranar Larabar nan ba, damina ta biyu da fara aikina na shara a likitar ƙauyenmu, can wajen Ollelewa. Ku da kuka zo aiki yanzu ba ku san radiyon kira ba. Da shi majo, wato babban ma'aikacin jinya, yake kiran Tanut a turo mota in ciwo ya fi ƙarfinmu. Gurup, injin wuta, shi ke ba shi wuta.

Ranar Talata da yamma ina goge tebur na ga wayar wutar radiyon a nannaɗe cikin wani baƙin zobe mai nauyi. Na ce wane malalaci ne ya bar waya a cukurkuɗe haka? Na cire, na warware ta tsaf. Zoben kuwa na cusa masa tsumma na sa a mazarina, don gululuna, dunƙulen yumɓun da ke ba shi nauyi, ya fashe.

Laraba da hantsi 'yata Hadiza, mai wata tara, ta fara sanƙarewa a bayana. Majo Isufu ya duba ta ya ce sai Tanut. Aka ta da gurup, ya kunna radiyo, sai "zzzz" kamar an tono gidan zuma.

"Tanut, Tanut, kuna ji na?" Ba a jin komai sai ƙugi.

Ni da ke shara kullum lokacin kiran safe, na san da ba ya wannan kukan. Sai na tuna da zoben.

"Majo, in na faɗi wani abu, za ka kore ni?"

"Ke Mariyama, faɗi!"

Na sheƙa gida na kawo mazarin, da zarensa da komai. Ya riƙe baki. "Ferit ɗina kike kaɗi da shi?" Ashe sunan zoben ke nan.

Ya kashe radiyo, ya zura wayar cikin zoben sau biyar, ya kunna. Tsit! Sai muryar mutumin Tanut tar, kamar yana cikin ɗakin. Na yi guɗa ban sani ba!

Muna jiran mota ya yi mini bayani: gurup na turo wuta haɗe da datti, dattin ya bi waya ya shiga radiyo. Zoben ne ke tare shi, kamar yadda rariya ke tare tsaki ta bar gari ya wuce.

Hadiza ta kwana shida a Tanut, ta dawo tana dariya. Majo bai kore ni ba, gululu ma ya sayo mini a kasuwa.

Shi ya sa nake ce muku, a gidan nan in kun ga abu a ɗaure, ku tambayi wanda ya ɗaura kafin ku kwance.