Hoton Inna a Bakin Banda

Inna ba ta taɓa zuba wa kifinta maganin ƙwari ba. Da wannan zan fara, domin shi ne abin da na kasa sa duniya ta ji.

Mu mutanen bakin ruwa ne, a wani ƙauye kusa da Wara, a ƙasar Yauri. Tun da na buɗe ido na tarar da Inna tsakanin gangunan banda, hayaƙi ya rine mata ido ja. Idan kifi ya jima bai tafi ba, akwai masu yayyafa masa maganin ƙwari, kowa ya sani, ba zan rufa wa kowa asiri ba. Ita kuwa sai ta sake hura wuta ta mayar da shi kan raga, ta sha hayaƙi karo na biyu. Takan ce abin da ba za ta ba jikanta ba, ba za ta sa a kwali ba. Saboda haka ne wata mata 'yar kudu ta riƙe ta shekara da shekaru, tarwaɗar Inna kawai take ɗauka, ko buɗe kwalin ba ta yi.

Wata rana wani baƙo ya sauko daga jirgin ruwa da kyamara a wuya, ya roƙi ya ɗauke ta hoto. Ina wurin, na zo hutu daga makarantar da nake koyarwa. Inna ta ji daɗi ƙwarai. Ta gyara kallabi, ta ɗaga wata ƙatuwar tarwaɗa, ta yi murmushi har wushiryarta ta fito. Na tsokane ta na ce amarya, ta ce in tafi can in ba ta wuri.

Bayan damina matar nan 'yar kudu ta kira ni, murya a sanyaye. Ɗanta ne ya rubuta kifin bandar Yauri a wurin bincike na waya, abin da ya fara fitowa wani shafi ne da ke cewa guba muke sayar wa mutane. A saman rubutun kuma ga Inna da tarwaɗarta, tana murmushi. Matar ta ce ita ta yarda da mu, amma masu saye a hannunta sun gani.

Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Ni ce mai boko a gidan, don haka kowa ni yake kallo, kamar ni na ƙera wayar. Na shiga mota zuwa Yelwa wurin wani dattijo mai shagon kwamfuta, muka buɗe shafi, na rubuta gaskiya tiryan-tiryan: yadda Inna ke wanke kifi, itacen da take sawa, yadda take maimaita banda. Na dawo gida ina jin na gama da maƙaryaci. Na yi ta bincikawa ina gangarawa ƙasa har yatsana ya gaji, ban ga shafina ba.

Da na koma, dattijon ya yi mini bayani a hankali. Ya ce injin binciken nan bai taɓa cin kifi ba, shaidu yake dubawa. Duk shafin da ya sa linki, wato rubutun nan da ake latsawa ya kai ka wani shafi, to ya tsaya wa wancan shafin shaida ke nan. Shaidar babban shafi kuma ta fi ta ƙarami nauyi, kamar yadda maganar hakimi ta fi tawa. Waccan ƙaryar manyan shafuka sun nuna ta, nawa kuwa babu ko ɗaya.

Na ce in dai shaidu ne, an zo gidansu.

Na faɗa wa kawuna, shi ya faɗa wa sarkin ruwa, aka tara mutane a gindin tsamiya. Masunta suka zo, masu banda suka zo, har waɗanda ba sa ga maciji da Inna saboda bakinta. Kowa ya rantse a kan kifinta. Aka naɗi muryoyi aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, har Shanga, har Birnin Yauri. Inna ta zauna a gefe tana share ido da bakin zane, ranar na ɗauka mun yi nasara.

A wurinmu, idan za a wanke mutum, sai an fara maimaita zargin a gaban kowa, yadda mai zargi ya faɗe shi, ba a rage komai. In ba a yi haka ba sai a ce ana ɓoye wani abu. To 'yan garinmu masu shafuka, na ƙungiyar matasa da na ɗalibai da masu rubuta labaran yanki, haka suka bi. Kowa ya fara da cewa ga abin da aka ce, ya liƙa linkin maƙaryacin, sannan ya zazzaga masa zagi a ƙasa. Nawa shafin babu wanda ya sa. Da na tambaya suka ce ai gaskiya kowa ya san ta, me za a karanta.

Dattijon ya dafe kai da na nuna masa. Ya ce muryoyin da muka tura injin bai ji ko ɗaya ba, zagin ma bai dame shi ba. Abin da ya gani shi ne mutanen Yauri da kansu suna nuna wannan shafi in an zo maganar kifin Yauri. Na bi su ɗaya-ɗaya ina roƙon su cire, wasu suka cire, wasu suka ce so nake a ce sun ji tsoro. Na rubuta wa mai shafin ƙaryar, har yau shiru.

Na rasa yadda zan yi wa Inna bayani, amma na gwada. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To shaidun da munka tara hwa?"

Na ce ba a wurin da ake ji suka yi magana ba.

"Shi wanga da ka yanke hukunci, ina gidanai? Sai in tahi da kaina."

Na ce ba shi da gida, Inna. Ta dube ni irin kallon da take wa kifin da ya fara wari. Ban taɓa jin karatuna ya zama banza ba kamar ranar.

Matar kudu ba ta sake ɗaukar ko kwali ɗaya ba. Inna ba ta daina banda ba, amma ta sa aka mirgina gangunan zuwa bayan gida, inda hayaƙin ke komawa ɗaki. Daga nan duk wanda ya ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar sunan ɗana na roƙe ta ta bari a ɗauke ta hoto, ta ce ta yi hoton da zai ishe ta.

Bara Allah ya karɓi abarsa. Bayan an watse daga zaman makoki na duba wayata, na duba ta 'yan uwa, babu fuskarta ko ɗaya, sai mayafi da hannu. Yanzu idan ɗana ya ce in nuna masa kakarsa, kifin bandar Yauri nake rubutawa. Ba ma sai na gangara ba, tana nan a sama. Sai in sa babban yatsa in rufe rubutun, in ce masa ga ta nan.